Kada Mu Raina Jita Mai Kaurin Murya

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu duba ta tare, musamman mu 'yan ƙungiyar kiɗa ta kwalejin nan. Kowace shekara in sababbin ɗalibai suka zo, aka buɗe littafin ƙungiya, sai ka ga wannan yana son waƙa, wancan yana son ƙaramar jita, wani kuma ganguna. Amma jitar bes, watau doguwar nan mai tsirkiya huɗu da kaurin murya, sai a bar ta jingine a kusurwa tana shan ƙura. In ranar wasa ta matso, sai a kamo wanda ya rasa abin yi a rataya masa, a ce, "Kai dai bi mu a baya." To, ni ra'ayina wannan kuskure ne babba, shi ne kuwa dalilin da ya sa kiɗanmu ya ke da ƙara amma ba ya ta da kowa daga kujera.

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Shehu ran salla ya san abin da na ke nufi. Algaita tana can sama tana kuka, ita kowa ya ke juyawa ya duba. Amma ganga kura ce ta ke riƙe da ƙasa, ita ce mutum ya ke ji a ƙirjinsa, da ita kuma ƙafa ta ke tafiya. A ɗauke ta, sai algaita ta zama kamar tsuntsu ba reshen sauka. Aikin bes ke nan a kiɗan zamani. Tsirkiyarta mafi kauri tana karkaɗawa wajen sau 41 kaɗai a daƙiƙa guda, shi ya sa ƙaramar lasifikar wayar hannu ba ta iya fitar da muryarta sosai, har waɗansu su ke zaton ba ta yin kome. Mai bes yana tsakanin mai ganga da mawaƙi: daga wannan ya karɓi taki, ga wancan ya miƙa murya. In ya kauce, duka sun kauce.

Ita jitar ba tsohuwa ba ce ƙwarai. A dā makaɗan Turai da Amurka suna amfani da wani ƙaton goge mai tsawon mutum, ga wuyar ɗauka, ga shi ba a jinsa sosai in ganguna da ƙahoni sun tashi. A shekarar 1951 Leo Fender na Kalifoniya ya fitar da wadda ya kira Precision Bass, mai aiki da lantarki, da 'yan ƙarafa a gindaye bisa wuyanta kamar gaɓoɓin rake, domin mai kaɗawa ya sami murya daidai ba lalube. Tun daga nan ta bazu duniya, har ta iso majami'unmu da wuraren bikinmu a nan Maiduguri.

Abu na fari da na ke so in faɗa shi ne, ba kuɗi ke kiɗa ba. Sau da yawa na kan ji ɗalibi yana cewa, da zai sami jita ta Amurka da babbar amfilifaya, da an ga aiki. Har akwai masu cin bashi a kan ɗan kuɗin da iyaye suka aiko, don su sayi kayan da ba su san inda za su taɓa ba. Ku tuna da marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya gare shi, amma ya zaga duniya da shi. Ku dubi kuma Richard Bona na maƙwabciyarmu Kamaru, wanda aka haifa a 1967, ya kuwa zama ɗaya daga cikin gwanayen bes na duniya. Yana yaro da hannunsa ya haɗa jitarsa, wayar birkin keke ce tsirkiyarta. Ashe kunne da hannu su ne jari, kayan aiki daga baya su ke zuwa.

Abu na biyu, hannu. Yawancin masu koyo suna fizgar tsirkiya kamar suna faɗa da ita. Wannan ba ya ƙara kome sai gajiya da ƙarar ƙarfe. Ka ɗora babban yatsan dama bisa maganaɗisun da ke jikin jita, ka riƙa kaɗawa da manuni da na tsakiya, ɗaya bayan ɗaya kamar tafiyar ƙafa, a hankali. Ƙarfin murya aikin amfilifaya ne, ba naka ba. Hannun hagu kuwa, babban yatsa ya zauna bayan wuya, sauran su danna dab da ƙarfen gaɓa, ba tsakiyarta ba. Sa'an nan ga abin da a ke mantawa: tsirkiya uku da ba ka kaɗawa sai ka kwantar musu da yatsa su yi shiru, in ba haka ba su riƙa gunaguni a ƙasa, kiɗa ya zama kunu. Rabin gwanintar bes kashe murya ne, sanin inda za a yi shiru.

Mu da muka koyi do-re-mi a makarantar mishan muna da sa'a a nan. In ka san "do" da "so" na kowane sauyin waƙa, ka kuma sa su daidai lokacin da mai ganga ya taka babbar gangarsa ta ƙafa, to, ka riga ka yi aikin da a ke bukata. Ado ya biyo baya. James Jamerson, wanda ya kaɗa wa kamfanin Motown na Detroit waƙoƙi masu ɗimbin yawa a shekarun 1960, da yatsa ɗaya tak ya ke kaɗawa, shekaru kuma ba a ko rubuta sunansa a jikin faifai. Ya rasu a 1983, amma har yau masu koyo suna bin sawunsa.

Na san yanzu abin da samari su ke so shi ne bugun nan na babban yatsa, a doki tsirkiya a fizgo ta ta yi ƙara kamar bulala. Ba na ƙinsa. Amma ku san asalinsa. Larry Graham ya ƙago shi ne sa'ad da ya ke kiɗa shi da mahaifiyarsa ba su da mai ganga, sai ya mai da babban yatsa ya zama babbar ganga, manuni ya zama ƙarama. Bukata ce ta kawo shi. Mu kuwa ga mai gangarmu zaune, sai mai bes ya tashi yana gasa da shi tsakiyar waƙa, mawaƙi ya rasa inda zai sa ƙafa. Gangar da ta cika zaƙi ai ta kusa fashewa.

Abu na uku, wanda ya fi damuna, shi ne kula da jitar kanta. Itace ce, itace kuwa yana jin yanayi. A ƙasar nan tamu hunturu ya kan busar da kome, a watan Afrilu zafi ya kan wuce awo 40, sa'an nan damina ta zo da laima. Tsirkiyoyi huɗun nan suna jan wuyan jita dare da rana da ƙarfin da ya fi kilo 60. In yanayi ya sauya sai wuyan ya motsa: ko tsirkiya ta yi nisa har yatsa ya yi ƙanta, ko ta kwanta tana zuza bisa ƙarafa. Da hunturu har bakin ƙarafan ya kan fito yana yankar hannu, don itacen ya tsuke. Sai mai ita ya ce jitar ta mutu, alhali gyaran rabin sa'a ta ke so.

Ga yadda a ke dubawa. Ka danna tsirkiya mafi kauri a gaɓa ta fari da kuma ta ƙarshe, ka dubi tsakiyar wuya. Ya kamata a sami ɗan fili tsakanin tsirkiya da ƙarfe, kamar kaurin kati, ba fiye ba. In ya yi yawa, akwai sandar ƙarfe ɓoye cikin wuyan, a ɗaure ta kaɗan da ɗan makullinta mai kusurwa shida. In babu fili sam, a sassauta ta. Kada a wuce rubu'in juyi a lokaci guda, a sake ɗaure murya, a dakata a gani. In ta yi tauri, a bar ta a nemi wanda ya sani, domin in ta karye an yi hasara. Bayan wannan a duba jaki, watau inda tsirkiyoyi su ke zaune a gindi, a daidaita tsayinsu ya zama wajen milimita biyu ko biyu da rabi a gaɓa ta 12. Daga ƙarshe a gwada muryar gaɓa ta 12 da ta tsirkiya a sake. Ɗaya ce, sai dai ta sama ta fi siranta. In ta gaɓar ta haura, a ja jakin baya. In ta gaza, a turo shi gaba. A yi wannan farkon hunturu da farkon damina. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke cin kuɗi in an ƙyale. A goge tsirkiya da ƙyalle bayan kowane wasa, gama gumi da ƙura su ke kashe ta. Kada a bar jita a rana ko jikin bango mai zafi. A mai da ita gidanta. In mai batir ce, a zare waya bayan an gama, don muddin waya tana ciki batir yana ci. Kada a sa bes a amfilifayar ƙaramar jita a ƙure murya, lasifikar za ta yage. Batun wuta kuwa, mu da muka ga garin nan cikin duhu wata da watanni bayan an rushe turakun lantarki na hanyar Damaturu a Janairun 2021, mun san halin janareta. A bar shi ya daidaita tukuna kafin a kunna amfilifaya, a kuma rage murya kafin a sa waya ko a cire. A babban ɗakin taro mai daɓen siminti da rufin kwano, kauri ya kan taru ya zama rugugi. Maganinsa a janye amfilifaya daga kusurwa, a rage maɓallin kauri, a ƙara na tsakiya.

Wani zai ce, mu malanta muka zo koyo, ina ruwanmu da aikin makaɗa? Gaskiya ne karatu shi ne gaba, wanda kuma ya bar darasinsa don jita ya yi wauta. Amma gobe za a tura mu makarantu, waɗansunmu ƙauyukan da yara suka sha wahalar shekarun tashin hankali, kuma malamin da ya iya haɗa yara su yi waƙa da taki ɗaya yana da wani makami da alli kaɗai ba ya bayarwa. Bes kuwa tana koya wa mutum sauraro, da tsayawa kan lokaci, da yin aikin da wani zai sha yabo a kansa. Ko akwai malamin da ba ya bukatar waɗannan?

Sabo da haka ga shawarata ga shugabannin ƙungiya. Duk sabon da ya shigo, ko waƙa ya zo yi, a ba shi zango guda a kan bes. Ɗan kuɗin da a ke tarawa, kafin a yi zancen sabuwar lasifika, a sayi tsirkiya da waya mai kyau da makullan gyara, a damƙa wa mutum ɗaya amana. Mai bes da mai ganga su riƙa keɓe rabin sa'a su biyu kaɗai kafin sauran su zo. In da hali kuma, a gayyato ɗaya daga cikin makaɗan gargajiya na garin nan ya zauna da mu, mu ji yadda su ke riƙe taki tun ba a san lantarki ba. In mun yi haka shekara guda, ku da kanku za ku ji bambanci ran bikin sallamar ɗalibai.

Allah shi ba mu kunnen ji da haƙurin koyo, amin.