Kafin Hunturu Ya Kankama, Kowane Gida Ya Haɗa Jakarsa

Jama'ar Namtari, Yola da Jimeta, mun saba da zafi, shi ya sa hunturu yake shammatarmu duk shekara. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar da ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana kawo hazo, tari da tashin asma, tana kuma busar da zana da ciyawa har su zama abincin wuta.

A ganina, kowane magidanci ya tanadi jaka guda, a rataye ta inda kowa ya sani. A sa bargo, rigunan sanyi, safa da hula na yara da tsofaffi, man kaɗanya saboda faso, takunkumin rufe hanci, maganin mai asma, tocila da batir. Takardun gida da na makarantar yara a ƙulle su cikin leda a sa a ciki, domin idan gobara ta tashi babu lokacin bincike. Kusa da madafa kuma a ajiye bokitin yashi.

Wani zai ce ana fama da tsadar abinci. Gaskiya ne, amma yawancin kayan nan suna cikin gida, tattara su kawai ya rage.

Abu biyu kuma a kiyaye: kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa ba tare da wari ba, kada a ajiye fetur a ɗakin kwana.

Da sanyin safiya ake kama fara. Allah Ya tsare mu.