Abdallah ag Umbadugu: Makokin da Aka Bar wa Baƙi

Ranar 4 ga Janairun 2020 Allah ya yi wa Abdallah ag Umbadugu rasuwa a Agadas. Duk saurayin da ya rungumi jita a wurin biki, daga Arlit har zuwa Azagor ta ƙasar Dakoro, akwai bashin wannan bawan Allah a wuyansa, ko ya sani ko bai sani ba. Amma abin takaici, wanda ke neman tarihinsa a yau zai fi samunsa cikin Faransanci da Ingilishi, a rubuce-rubucen mutanen da ba su taɓa shan ruwan rijiyar Tarka ba.

Ba ƙaramin mutum aka rasa ba. Shi ya kafa ƙungiyar Takrist n'Akal yana gudun hijira. Lokacin tawayen 1990 zuwa 1995 an haramta kaset-kaset ɗinsa, duk da haka suka riƙa yawo hannu da hannu a zangon makiyaya. Da aka ƙulla sulhun 24 ga Afrilun 1995 ya dawo gida, daga baya ya buɗe makarantun kiɗa a Arlit da Agadas. Mdou Moctar, wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, daga ganin wasan Abdallah ya kamu da son kiɗan.

To, wa ya riƙe amanar? Kaset ɗin Anou Malane, da aka ɗauka a Benin a 1995 tare da Nel Oliver, sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2019. Ba laifin baƙo ba ne idan ya tsinci abin da mai gida ya yar. Sai dai baƙo da ma'auninsa yake awo: zai ji amon Jimi Hendrix, ba zai ji kukan fari da hijira da ke ƙarƙashin tsirkiyar ba.

Masu kawar da kai suna da hujja biyu. Wasu na cewa mawaƙin tawaye ne, tuna shi tonon tsohon miki ne. Ƙasar da ta ware ranar sulhu ta yi mata biki, yaya za ta ji kunyar wanda ya rera yaƙin, ya kuma dawo ya rera zaman lafiya? Wasu kuwa na cewa kiɗan Abzinawa ne, bai shafi Bahaushe ba. Waɗannan su je kasuwar Dakoro su ga yadda Ba'abzine da Bafulatani da Bahaushe ke ciniki da harshe guda, sannan su maimaita maganar.

Nijar ta san yadda ake karrama makaɗi, tunda cibiyar koyon kiɗa ta Yamai sunan Alhaji Taya take ɗauke da shi. Abin da ya rage shi ne a tattara waƙoƙin Abdallah, a rubuta su da Tamashek, a fassara su da Hausa, tun waɗanda suka ɓoye kaset ɗinsa cikin jakar raƙumi suna raye.