Sun cire 'ya'yansu daga makaranta, yanzu suna farautar malamai a intanet

A Ingila, yawan yaran da iyayensu suka zaɓi su koyar da su a gida yana ƙaruwa shekara bayan shekara. Alƙaluman ma'aikatar ilimi ta ƙasar sun nuna yara kusan 92,000 a ƙarshen 2023, sannan 111,700 a ƙarshen 2024. Wasu sun bar makaranta saboda damuwa da ta addabi yaro, wasu saboda cin zali, wasu kuma saboda makarantar ta gaza kula da yaro mai buƙata ta musamman.

Sai dai kalmar "karatun gida" tana da ruɗi. Uwa za ta iya koya wa ɗan shekara 7 karatu da ƙidaya. Amma idan ya kai 14, ga lissafi mai zurfi da kimiyyar sinadarai, ga jarrabawar GCSE tana jiransa a shekara 16, yawancin iyaye sukan ga abin ya fi ƙarfinsu. A nan ne malamin intanet ke shigowa, ana biyansa awa-awa, ko kuma a sa yaron a makarantar da babu gini, kamar King's InterHigh ko Wolsey Hall Oxford. Wato iyalin da suka fita daga makaranta sun koma suna harhaɗa wata da kuɗin aljihunsu.

Kuma duk nauyin a kansu yake. Dokar Ingila ta ba iyaye 'yancin cire yaro, amma ba ta wajabta wa hukuma ta biya musu komai ba. Hatta kuɗin jarrabawa su ke biya, su kuma nemo cibiyar da za ta yarda yaron ya zauna. Mai hali ya ɗauki malamai uku. Marar hali ya bar ɗansa da bidiyon YouTube. Dukansu a takarda ɗaya ake lissafa su.

Faransa ta bi wata hanya. Dokar 24 ga Agusta 2021, wadda gwamnatin Emmanuel Macron ta kawo da sunan kare ƙa'idojin jamhuriya, ta sa daga shekarar karatu ta 2022 sai an nemi izini kafin a koyar da yaro a gida. Dalilai huɗu kawai ake karɓa: rashin lafiya ko naƙasa, wasanni ko fasaha da ke cin lokacin yaro, yawan tafiye-tafiyen iyali ko nisa da makaranta, sai kuma wani yanayi na musamman da ya shafi yaron kansa. Musulmi da yawa sun ɗauka da su ake, tunda an gabatar da dokar a cikin muhawarar yaƙi da tsattsauran ra'ayi. Amma Faransa tana da abin da Ingila ba ta da shi: cibiyar CNED ta gwamnati, mai koyarwa daga nesa tun 1939.

Abin da ya fi tayar da hankali a ɓangaren Ingila shi ne, kowa na iya kiran kansa malami a intanet. Babu takardar shaidar koyarwa da doka ta tilasta masa. Yaron da ke aji yana da idanu da yawa a kansa. Wanda ke gaban kwamfuta a ɗaki, daga shi sai baƙon da ke magana da shi.

Ga malamai a Accra, Yaounde ko Njamena, wannan kasuwa tana da jan hankali, kuma agogo ma yana taimakawa: a lokacin sanyin Turai, lokacin Accra ɗaya ne da na Landan, na Yaounde da Njamena da Yamai kuma ɗaya da na Paris. Malaman Alƙur'ani na Masar da Pakistan sun daɗe da gane wannan hanya, suna karantar da 'ya'yan Musulmin Turai ta Zoom da WhatsApp.

Amma darasin boko ba kamar tilawa ba ne. Iyayen da ke biya ba ilimi a dunƙule suke saya ba, sakamakon wata jarrabawa takamaimiya suke so. Malamin da ya ƙware a manhajar WAEC ko bakaloriyar Kamaru sai ya zauna ya koyi yadda hukumomin jarrabawa irin su AQA da Edexcel ke tsara tambaya da ba da maki. Bayan haka ga matsalar wuta da tsadar data, ga wahalar karɓar kuɗi daga waje. Uwar da ke Birmingham za ta yi haƙuri idan layi ya yanke sau ɗaya. Idan ya yanke sau uku ana saura wata guda jarrabawa, akwai malamai ɗaruruwa a shafin da ta samo shi.