A Auna Barga Kafin a Sayi Ingarma

Wata rana cikin tsakiyar bazara, bayan an sauko daga sallar La'asar, ɗan ƙanwata ya zo har gida ya durƙusa, ya roƙe ni in taka zuwa ɗakinsa in ga abin da ya shekara guda yana tara wa kuɗi. Na tarar da kwalaye barbaje a kan tabarma, a tsakiyarsu ga wani ɗan akwatin ƙarfe baƙi wanda da kaɗan ya ɗara kwalin takalmi, cikinsa cunkushe da wayoyi, murfinsa kuwa jingine da bango. Ya ɗauki murfin ya gwada, ya danna, ya sake dannawa, murfi ya ce bai san zance ba. Ya ɗago kai, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya ce, "Kawu, wallahi na auna tsawon katin, daidai yake." Gaskiya ya faɗa, tsawon ya auna, abin da ya sha masa kai shi ne wayar wutar da ke fitowa daga gefen katin hoton, wadda kanta ya turo waje da misalin faɗin yatsu biyu, ta tokare murfin.

Ban zo in yi fatawa a kan wasannin kwamfuta ba, don wannan fage yana da malamansa, kuma kowane uba ya san gwargwadon lokacin da zai yarje wa ɗansa ya ɓatar a kan lahawu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, tun da yake samarinmu sun riga sun shiga wannan sha'ani, suna zuba dukiyar da za ta isa jarin ƙaramin ɗan kasuwa, kuma tun da yake yayin da ake yi yanzu shi ne a haɗa kwamfuta ƙarama mai ƙarfin manya, wadda mutum zai ɗora a kan tebur ko ya saɓa a jaka, to, ya kamata a faɗa musu cewa tsarin da suke bi wajen zaɓen kaya a juye yake. Suna fara sayen ingarma, sa'an nan su koma neman inda za su ɗaure shi.

Asalin mas'alar ita ce ƙunci. Babban allon da ake dasa sauran kayan a kansa, wanda 'yan kasuwa ke kira bod, irin na ƙananan akwatuna shi ne Mini-ITX, wanda kamfanin VIA na Taiwan ya fito da shi a 2001, santimita 17 ne tsawonsa, 17 faɗinsa, alhali kuwa allon ATX da aka saba da shi ya kai santimita 30 da rabi. Wanda ya zaɓi ƙaramin allo ya yarda ke nan da ramin kati guda ɗaya tak, da gurbin ram, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, guda biyu a maimakon huɗu, ya kuma yarda ya biya kuɗi fiye da na babban allo, domin matse abubuwa a wuri kaɗan aiki ne mai tsada. Saboda haka ram ɗin da zai isa mutum shekaru, ya saye shi tun farko, sanda biyu masu gigabait 16 kowanne, don babu gurbin ƙari daga baya sai dai musanya.

Amma ƙuncin wuri mai sauƙi ne, tef ɗin tela ya isa ya warware shi. Mas'alar da ta fi girma, wadda kuma ta shafe mu fiye da yadda ta shafi mutanen Jamus ko Japan, ita ce zafi. Ƙa'ida ce tabbatacciya a ilmin kimiyya cewa duk wutar da ta shiga cikin kwamfuta, ba ta da wata makoma face ta zama zafi, kuma fanka, kome ƙarfinta, iyakar ikonta ta kwashe zafin nan ta miƙa wa iskar ɗaki, ba ta da ikon sanyaya abu fiye da iskar da ta shaƙa. Masu gwada kaya da samarinmu ke kallo a YouTube suna yin gwajinsu a ɗakuna masu sanyi, waɗanda galibi ba su wuce digiri ashirin da 'yan kai ba. Mu kuwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri, watan Afrilu kan haura digiri 40. In mai gwaji ya ce furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta tsaya a digiri 75 a ɗaki mai digiri 22, to, mai hankali sai ya yi ƙiyasi: a ɗakinsa mai digiri 38, a sa ran ta doshi 90. Furosesar zamani in ta kai haddin da aka yanka mata sai ta rage gudu da kanta don kada ta halaka, ka ga ke nan mutum ya biya kuɗin sukuwa, ana yi masa tafiyar hawainiya.

Daga nan ne hukuncina ya fito, cewa a ƙaramin akwati, lambar da ta cancanci a fara dubawa a jikin kowane kaya ita ce yawan wat ɗin da yake ci. Ɗauki katin hoto, wanda shi ne rukuni mafi girma a kwamfutar wasa, kuma mafi tsada. RTX 4090 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2022, wat 450 yake sha, magajinsa RTX 5090 na 2025 kuwa wat 575. A ɗaya ɓangaren, RTX 4070 wat 200 ne, RTX 5070 kuma 250. Babu mai musun cewa manyan sun fi ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai wanda allon kallonsa bai kai na 4K ba, mafi yawan wannan fifiko ba zai gan shi da idonsa ba, zafin kuwa zai ji shi a jikinsa, don kati mai wat 500 a ɗaki rufe daidai yake da ƙaramin risho da aka kunna aka bari. Ga kuma lissafin aljihu. Lokacin da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A zuwa naira 225 kowane kilowat na awa guda a Afrilun 2024, kwamfuta mai jan wat 600 da ake wasa da ita awa huɗu kullum takan ci fiye da naira 16,000 a wata, mai jan wat 300 kuwa rabin haka. Mai dogaro da sola ko janareto bai buƙatar a yi masa sharhi.

Zancen furosesa gajere ne. Ryzen 7 7800X3D na AMD, da ƙaninsa 9800X3D, sun yi suna a fagen wasa saboda yalwar ma'ajiyarsu ta kusa, megabait 96, kuma ba su da haɗamar wuta, alhali Core i9-14900K na Intel an yarje masa ya ja har wat 253. A akwatin da tsayin na'urar sanyayawa ba zai wuce santimita bakwai ba, wannan bambanci ya isa hujja.

Game da akwatin kansa, ina ganin samarinmu sun faɗa cikin taƙalidi, suna kwaikwayon abin da ya dace da wata ƙasa ba tare da duban tasu ba. Akwai akwatuna masu ban sha'awa ƙwarai, irin su Terra na kamfanin Fractal Design, mai lita 10 da 'yan kai, wanda ni kaina in na gan shi da ɗan katakon nan na gabansa nakan ji raina ya biya. Amma ga mazaunin ƙasar da ke da bazara da hunturu, na fi natsuwa da akwati mai kimanin lita 18, kamar NR200 na Cooler Master, wanda ke karɓar doguwar na'urar sanyayawa da fankoki masu faɗin milimita 120, waɗanda ke tura iska mai yawa ba tare da kururuwa ba. Sa'an nan ga ƙura. Wanda ya taɓa buɗe kwamfuta a ƙarshen hunturu ya ga yadda jar ƙura ke yin dambu a tsakanin siraran ƙarafan sanyayawa, har ta zama kamar audugar katifa, ya san cewa akwatin da ba a iya buɗe shi cikin sauƙi a hure shi duk bayan 'yan makonni, fitina ce mutum ya saya da kuɗinsa.

Na bar na'urar raba wuta, wadda ake kira fawa-fak, zuwa nan da gangan, domin ita ce marainiyar wannan sha'ani, ita ake tunawa bayan kuɗi sun ƙare, sai a ɗauko ta gwanjo wadda ba a san asalinta ba. Ƙananan akwatuna da yawa irin SFX suke karɓa, ita ma ta fi babbar tsada, kuma a nan rowa hasara ce bayyananna, don in ta lalace tana iya jan sauran kayan su tafi tare. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, a maido ta da ƙarfin da ya ga dama, sayen mai inganci, tare da yufiyes da zai riƙe kwamfutar har a kashe ta cikin tsanaki, ya fi kusa da wajibi. Fitilu masu launi bakwai da ruwan sanyayawa mai yawo a cikin tiyo, waɗannan ƙawa ce, wanda ya bar su babu laifi a kansa. Wayar nan kuma da ta hana ɗan ƙanwata rufe akwatinsa, kada wanda ya lanƙwasa ta da ƙarfin tsiya. Tun 2022 aka sami rahotannin narkewar kan irin wannan waya mai ɗaukar wat 600, musamman inda ba a cusa ta har ƙarshe ba.

Yaron nan dai bai sami mafita ba sai da ya sayar da ɗan akwatinsa a kan faɗuwa, ya sayi wanda ya fi shi girma, ya jira mako uku kafin ya iso daga Legas. Saboda haka ina roƙon duk wanda ke da niyyar haɗa irin wannan kwamfuta, kafin ya nufi kasuwar Beirut Road ko ta Farm Centre a Kano, ko ya tura kuɗi Ikeja, ya zauna da takarda ya rubuta tsawon katin da akwatinsa zai ɗauka, da kaurinsa har da kan waya, da tsayin na'urar sanyayawa, da jimillar wat. 'Yan kasuwa kuma, Allah ya yi wa kasuwa albarka, ku riƙa tambayar yaran nan wane akwati gare su kafin ku karɓi kuɗinsu.