Kafin a Sayi Fure, a Tambayi Mahaifarsa

Masu sayar da furanni sun yawaita a bakin manyan titunan Kano da Kaduna da Zariya, kuma sha'awar ajiye shuke-shuke masu fure a cikin ɗaki ta shiga gidaje da makarantu. Wanda ya mallaki tukwane uku ko huɗu sai ya so ƙara na biyar, kuma abin da yakan duba shi ne launi da farashi. A ganina, akwai tambayar da ta kamata ta riga waɗannan: daga wane irin wuri shukar ta fito?

Littattafan lambu da ake bugawa a Turai da Amurka suna kiran yawancin waɗannan furanni tsirran ƙasashe masu zafi. Mai karatu a ƙasar Hausa yana ganin haka sai ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, tunda zafi ba baƙonmu ba ne. To, amma zafi iri-iri ne. Galibinsu 'yan kurmi ne, sun saba da inuwar manyan itatuwa, inda laimar iska kan haura kashi 80 cikin 100. A Kano kuwa, laimar kan sauka ƙasa da kashi 20 a lokacin hunturu, sa'an nan zafin watan Afrilu ya kai digiri 40. A jikin kowane ganye akwai ƙananan kafofi da ruwa ke fita ta cikinsu ya zama tururi. Idan iska ta bushe ƙwarai, ruwan kan fita da saurin da saiwa ba za ta iya mayar da gurbinsa ba, sai bakin ganye ya ƙone. Mai shukar kuma ya ɗauka ƙishirwa ce, ya yi ta tuttula ruwa har saiwar ta ruɓe.

Alal misali, Anthurium, mai jan fure kamar an goge shi da mai, asalinsa kurmin Kolombiya da Ekwado ne, inda wani Bafaranshe, Édouard André, ya samo shi a 1876. (Ɗalibai su lura: wannan jan abu ganye ne da ya sauya kama, furannin ainihi ƙanana ne, jere a jikin sandar tsakiya.) Haka kuma ɗan ƙaramin furen nan mai ruwan shuni da ake kira Saintpaulia, wanda wani jami'in mulkin mallaka na Jamus, Walter von Saint Paul, ya gano a yankin duwatsun Usambara na Tanzaniya a 1892. Ɗan Afirka ne, amma ya fi son zafi tsakanin digiri 18 da 24. Ba na hana kowa sayen su. Sai dai wanda ba shi da ɗaki mai sanyi, kuma ba zai iya tara tukwane wuri guda a kan faranti mai tsakuwa da ruwa don ƙara laima ba, ya sani kuɗinsa yake saka wa a caca.

Shukar da nake ba da shawarar a fara da ita ita ce Kalanchoe, 'yar tsibirin Madagaska, wadda wani ɗan kasuwar iri Bajamushe, Robert Blossfeld, ya shigar kasuwa a 1932. Ganyenta kauri gare shi, yana adana ruwa. Bugu da ƙari, tana rufe kafofin ganyenta da rana, ta buɗe su da dare ta shaƙi iskar da take bukata wajen haɗa abinci, don haka asarar ruwanta kaɗan ce. Hunturu bai dame ta ba. Abin da take nema kawai shi ne haske mai yawa a bakin taga, da ƙasa mai yashi wadda ba ta riƙe ruwa.

Sai kuma tamu ta gida, wato ƙariya, wadda masana ke kira Adenium obesum. Tana fitowa da kanta a yankin Sahel, kuma wasu na danganta ta da karin maganar nan ta ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, saboda ba a cika ganin 'ya'yanta ba, ko da yake tana yin su. Masu lambu a Tailan sun yi mata aure iri-iri har ta zama hajar kasuwar duniya, alhali mu muna wuce ta a bakin hanya. Rana take so sosai, don haka baranda ta fi dacewa da ita a kan tsakiyar falo.

Akwai abin da mai sayarwa ba ya faɗa. Ruwan jikin ƙariya dafi ne mai taɓa zuciya, har an yi amfani da shi a bakin kibiya a sassan Afirka. Kalanchoe na iya illata akuya ko kyanwa idan ta ci, ganyen Anthurium kuwa yana ɗauke da ƙananan allurai na gishiri masu kumbura baki. A nisanta su daga ƙananan yara. Sabuwar tukunya kuma a keɓe ta mako biyu, a riƙa duba bayan ganye, don kada ƙwari su bi ta su shiga sauran. Ruwan da ya kwanta a faranti a riƙa sauya shi duk bayan kwana biyu ko uku, in ba haka ba an yi wa sauro gida.

Kada kuma a saya don an ce fure na tace iskar ɗaki. Wannan magana ta samo tushe daga gwajin hukumar NASA na 1989, wanda aka yi a cikin rufaffun akwatuna. Nazarin da aka yi a Jami'ar Drexel a 2019 ya nuna sai an jera tsirrai 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da musayar iska ta yau da kullum ke yi wa ɗaki.

Ga malaman kimiyyar halittu, Kalanchoe tana da wani amfani. Ba ta yin fure sai dare ya yi tsawo, al'amarin da Garner da Allard suka fara bayyanawa a 1920 a kan wasu tsirrai, ciki har da taba. A samo tukwane biyu a farkon Nuwamba, lokacin da dare ya fara sanyi. A riƙa kifa wa ɗaya kwali daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 7 na safe, ɗayar kuma a bar ta ƙarƙashin fitila har tsakar dare. Bayan kimanin mako shida, ɗalibai su ƙirga tohon fure a kowace tukunya, su rubuta abin da suka gani.