Wanda Ya Ce Ka Sayi Bindiga Ba Zai Raka Ka Kotu Ba

'Yan'uwa magidanta da iyayenmu mata mazauna kurmi.

Wata magana ta shigo mana unguwanni ta wayar hannu, har ta fara samun gindin zama a majalisun dare da teburin mai shayi. Samarinmu suna ta tura wa juna bidiyon wasu Amurkawa masu koyar da yadda mutum zai zaɓi bindigarsa ta farko domin tsaron gida. Wai a ɗauki ƙirar AR-15, irin wadda take ɗura wa kanta harsashi, duk jan kunama harbi guda ba sai an sake ɗanawa ba, sannan a ɗora mata madubin saiti mai jan ɗigo. Har gardama ake yi a kan wane madubi ya fi wani. Da abin ya tsaya ga yara da sai mu ce ƙuruciya ce. To amma yanzu akwai masu furfura da suke cewa ƙungiya ta buɗe asusu a yi karo-karo, kowane layi ya samu ko da guda ɗaya. Wannan shi ya sa muka ga shiru bai kama mu ba.

Ba mu raina tsoron kowa ba. Mun san Shagamu a 1999, da Ketu a ƙarshen wannan shekarar, da Idi-Araba a 2002, da Anaca a 2006, da Ile-Ife a 2017, da kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021. A cikinmu akwai waɗanda suka kwana a barikin soja da 'ya'yansu, akwai waɗanda suka dawo suka tarar da rumfar shekara ashirin ta zama toka. Wanda ya ga wannan, in ya ce yana son abin da zai tsaya da shi a ƙofar gidansa, ba hauka yake yi ba. Abin da muke jayayya da shi shi ne maganin da ake tallata masa.

Shi Ba'amurken da ke cikin bidiyo a ƙasarsa yake magana. Tun 1791 tsarin mulkinsu ya ba su damar riƙe makami, kuma a 2008 Kotun Ƙolinsu ta tabbatar da cewa mutum yana da ikon ajiye bindiga a gida don kare kansa. Duk da haka a shekarar 2021 kaɗai mutum 48,830 bindiga ta yi ajalinsu a can, fiye da rabinsu kuwa su suka harbe kansu. Wannan lissafi masu bidiyo ba sa kawo shi. Amma mu bar Amurka da matsalarta, mu duba tamu dokar, don ita ce alƙali zai buɗe a gabanka.

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu take aiki, ta kasa makamai gida uku. Gida na farko shi ne haramtattu: igwa, roka, bam da gurneti, mashinga, bindigogin soja masu awon harsashi 7.62 da 9 na milimita da .300 da .303 na inci, da libarba da fistol kowace iri. AK-47 nan ta faɗa. Waɗannan, a cewar sashe na 3, babu mai riƙe su sai da lasisi daga Shugaban Ƙasa da kansa. Gida na biyu shi ne na bindigar harbin tsuntsaye da ta farauta, kuma lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. A nan ma dokar ta cire bindigar tsuntsaye mai sarrafa kanta da mai ɗura wa kanta harsashi, ta mayar da su cikin haramtattu. Gida na uku shi ne bindigar toka ta mafarauta, wadda lamarinta yake wajen kwamishinan 'yan sandan jiha.

Hukuncin fa? Sashe na 27 ya ce wanda aka kama da haramtacciya ba lasisi, ɗaurinsa ba zai gaza shekara 10 ba. Ta gida na biyu kuwa har shekara 5. Harsashi kaɗai a aljihu, ba bindiga, shi ma laifi ne. Mu da muka koyi boko da girma a ajin yaƙi da jahilci mun zauna mun bi wannan doka layi-layi da yatsa, ba mu ga inda aka rubuta cewa ban da mai tsoro, ko ban da wanda aka taɓa ƙona wa shago ba.

Wani zai ce, to sai mu nemi lasisin mana. Madalla. A watan Fabrairu na 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin a tattara haramtattun makamai daga hannun jama'a, har da bindigar nan da ake kira fam-akshin wadda mutane da yawa suke zaton halas ce. A watan Agusta na 2023 kuma Kayode Egbetokun, yana riƙe da kujerar a lokacin, ya sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai a faɗin ƙasa. A 2022 gwamnan Binuwai Samuel Ortom ya nemi izinin saya wa dakarun sa-kai na jiharsa AK-47 bai samu ba. Gwamnan Ondo, marigayi Rotimi Akeredolu, shi ma ya yi ta ƙorafi a shekarar a kan an hana Amotekun irin waɗannan makamai. Jama'a, abin da gwamna mai tuta da jiniya ya nema ya rasa, shi ne za a ba mai sayar da albasa a Mile 12?

Tunda ta ƙofa ba ta samuwa, ta taga za a sayo ke nan. Kuma mun san masu tagar. A watan Janairu na 2017 kwastan sun kama fam-akshin 661 a Legas, a watan Yuli na 2024 suka nuna bindigogi 844 da suka kama a tashar jiragen ruwa ta Onne. Waɗanda suka tsallake, da waɗanda aka sato, da na maƙeran ɓoye, su ne suke yawo a hannun dillalai. Dillali ba zai ba ka rasit ba, ba kuma zai gaya maka hannu nawa ta ratsa kafin ta zo gare ka ba. In an taɓa yin fashi da ita, ranar da aka same ta ƙarƙashin katifarka kai za ka yi bayani, alhali hukuncin fashi da makami a dokar 1984 kisa ne. Sannan mutumin da ya sayar maka ya riƙe sirrinka har abada. Ranar da ya shiga hannu, sunanka yana cikin na farkon da zai ambata don ya samu sassauci.

Yanzu mu zo kan madubin saitin da ake ta yabo. A ce ma ka samu bindigar da madubinta. Ina za ka harba ta? Yawancinmu gidajen haya muke, ɗakuna a jere suna kallon juna, bayi ɗaya, rijiya ɗaya, wani wurin ma katako da langa-langa ne tsakaninka da maƙwabci. Harsashin irin wannan bindiga katako ba ya tare shi, kwano ba ya tare shi, bulon da ake yi mana mai yashi fiye da siminti ma ba abin dogaro ba ne. Ka harbi ɓarawo a zaure, ka sami jaririn Bayerabiya a ɗaki na uku. Kuma jan ɗigon nan wurin da harsashi zai sauka kawai yake nunawa. Ba zai gaya maka cewa inuwar da ke taɓa ƙofa ƙarfe biyun dare ƙanenka ne ɗan acaɓa da ya yi dare, ko ɗan maƙwabci da ya zo ɗiban ruwa ba. Ga yara a ɗaki ɗaya da kai, waɗanda babu lungun da ba su sani ba. Iyaye mata, ku kuka fi kowa sanin wannan, kuma muna roƙonku kada ku yi shiru in maigida ya shigo da wani dogon ƙunshi ya ce kada a taɓa.

Amma babban dalilinmu ya wuce duk waɗannan, kuma sunansa Uromi. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana saura kwanaki a yi ƙaramar Salla, wasu mafarauta 'yan Kano sun taso daga jihar Ribas za su gida. 'Yan banga suka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo, suka ga bindigogin toka, aka yi ihun masu garkuwa da mutane. Mutum 16 aka kashe, aka ƙone. Alhakin jininsu yana wuyan waɗanda suka kashe su, babu wani uzuri, kuma ba za mu daina neman a hukunta su ba. To amma mu lura da abin da ya ishi taron ya yanke hukunci: ganin bindiga a hannun Bahaushe. Bindigar toka fa, ta harbin gada da gafiya. Shekara da shekaru ana yaɗa cewa ana jigilar 'yan arewa da makamai cikin manyan motoci ana ɓoye su a Sabo da kara da masallatai. Ƙarya ce, kuma abin da ya hana ta tsayawa da ƙafarta shi ne rashin shaida. Ranar da aka fito da AR-15 guda ɗaya daga ɗakin wani a unguwarmu, aka shimfiɗa ta gaban kyamara, mun ba su shaidar da hannunmu. Ba za a ce wane ba, Hausawa za a ce. Mai shayi da mai wankin takalmi da mai tura ruwa a garin da bai taɓa jin sunanka ba, su za su biya. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Muna kuma da magana da manyan da suke hura wannan wuta daga nesa. A 2018 Janar T. Y. Ɗanjuma ya tsaya a Jalingo ya ce mutane su tashi su kare kansu. A 2021 ministan tsaro Bashir Magashi ya ce jama'a su daina ragwanci gaban 'yan bindiga. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara ta ce kowa ya nemi bindiga, nan take babban hafsan tsaro Janar Lucky Irabor ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Duk mai irin wannan kira da masu gadi a ƙofarsa yake kwana. In aka kama talakan da ya ɗauki shawararsa, ko katin waya ba zai aiko masa ba, balle lauya. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne aikin gwamnati na farko. Wanda aka ba wannan aiki yana karɓar albashinsa, in ya ce mana mu kare kanmu, sauke kayansa yake yi a kanmu, mu kuwa bai kamata mu miƙa kai mu ɗauka ba.

Kada wani ya fita ya ce ƙungiya ta ce a miƙa wuya a yanka. Sashe na 33 ya yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa gwargwadon barazanar da ta zo masa, dokokin laifuffuka na jihohin kudu su ma sun yarda da kare kai da kare gida. Haƙƙin kare kai daban, lasisin bindiga daban. Kotu tana iya wanke ka a kan ɓarawon da ka raunata, ta kuma ɗaure ka shekara 10 a kan abin da ka raunata shi da shi.

Kuɗin da ake son a tara na bindiga, mu a ganinmu lauya ya kamata su ɗauka. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama duk inda ya so a Nijeriya, na 42 ya hana a nuna masa bambanci don ƙabila ko addini ko asali, na 43 ya ba shi ikon mallakar fili da gida ko'ina. Ƙa'idojin shari'ar haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun ba ƙungiya irin tamu damar shigar da ƙara a madadin 'ya'yanta. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani. Waɗannan duk a takarda suke kwance, sai an samu mai ɗaga su, kuma mai ɗaga su kuɗi yake ci. Mun ga yadda murya take sauyawa a caji ofis in dattijo ya shigo da lauya a bayansa.

Sauran kuwa aikin da muka sani ne muke kasala. Ƙofar layi da ake rufewa da dare, fitila a lungu, usur a kowane gida, rajistar masu kwana a shaguna da masallaci don mu san namu mu san baƙo. Kujerarmu a kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, da taron masu gidaje na unguwa, sau nawa ake kira ba mu je ba? Muna ƙin biyan kuɗin gadi na layi muna cewa ba garinmu ba ne, alhali a nan aka yanke wa 'ya'yanmu cibiya. Maƙwabcin da kuka zauna taro ɗaya, kuka yi wa juna gaisuwar mutuwa, shi ne yake buɗe ƙofa ya ɓoye iyalinka ranar da gari ya rikice. Wannan ya faru a Shasha, ya faru a wurare da dama, kuma waɗanda aka ɓoye suna nan da ransu.

'Yan'uwanmu mafarauta da masu gadi da sana'arsu ta haɗa su da bindigar toka, ku je ofishin kwamishina ku nemi takarda a rubuce, ku kawo mana kwafi mu ajiye. In za ku gida Salla ku bar ta inda kuke aiki, kada ku loda ta a mota ku ratsa garuruwan mutane. Wanda kuma ya riga ya sayi wata ta bayan fage, kada ya jefa ta rijiya, kada ya ba wani ajiya, kada kuma ya ɗauke ta shi kaɗai ya nufi caji ofis. Ya sami Sarkin Hausawa ko sakatare a keɓe, a nemo lauya tukuna, shi zai tsara yadda za a miƙa ta.

A taron wata mai zuwa, bayan sallar la'asar, za mu zo da kwafin dokar, a karanta sashe na 3 da na 4 da na 27 a fassara su da Hausa. Masu ra'ayin asusun bindiga muna gayyatarsu musamman, za a ba su lokaci su yi magana. An tanadi wurin zama na mata. Kowane magidanci ya zo da samarin gidansa, su zo da wayoyin nasu.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin ƙungiya.