Motar Diori ce, ko kuwa zancen dillali?

Makon jiya wata hidima ta kai ni Madarumfa, da na gama sai wani abokina ma'aikaci ya ja ni wani gida a hanyar tabki, wai in zo in raba gardama. Ƙarƙashin wata rumfar kwano na iske tsohuwar mota baƙa, doguwa, mai tsinin baki kamar kifi, ta kwanta har cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Mai ita ya rasu, magada suna son a sayar a raba gado, dillali kuwa ya baza labari har Maradi cewa motar marigayi shugaba Diori Hamani ce. Da wannan suna ya ninka kuɗinta, har wani alhaji ya ba da kafin alƙalami. Takardun mota kuwa gara ta daɗe da cinye su.

Sanin irinta bai yi wuya ba. Citroën ce samfurin DS, wadda aka fara nunawa a Paris cikin watan Oktoba na 1955, aka ci gaba da ƙera ta har 1975. Kwanciyar nan da yaran gidan suka ɗauka karyewa ce, halinta ne: ba bisa ƙarafa take zaune ba kamar sauran motoci, bisa wani ruwa da iska take, idan an kashe inji ta sauka a hankali, idan an tayar ta miƙe kamar raƙumi. Motar manya ce ba shakka. Cikin irinta Janar de Gaulle yake ranar 22 ga Agusta 1962, lokacin da aka buɗe masa wuta a Petit-Clamart, tayoyi suka fashe, amma direba ya fita da shi lafiya. Dillali ya san zamanin Diori zamaninta ne, shi ya sa zancensa ya shiga kunne.

To amma da na leƙa ciki sai na ga sitiyari a hannun dama. Nan gardama ta soma warwarewa, domin mu a Nijar tun zamanin Faransawa dama muke bi, sitiyarinmu yana hagu. Wa zai kawo wa fadar Yamai mota mai sitiyarin Ingilishi? Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kamfanin Citroën ya buɗe masana'anta a garin Slough na Ingila a 1926, inda aka riƙa harhaɗa DS domin Ingila da ƙasashen da ke bin hannunta, har tsakiyar shekarun 1960. Motocin can suna da alamominsu: kujerun fata, da kayan lantarki na kamfanin Lucas. Muka goge ƙurar fitila, sai ga sunan Lucas a jikin gilashi.

Fitilun ma sun faɗi shekarunta. Zagayayyu ne, a waje suke; tun daga 1967 aka mayar da su huɗu cikin gilashi. Muka ɗaga murfin inji, ragowar ruwan da ke cikin tulun ja ne, alhali kuwa a 1966 aka koma kore. Ke nan ta girmi 1966. A nan ina jan kunnen duk makanikin da za a kira mata: kada ya kuskura ya zuba koren ruwa inda ja yake, robobin ciki duka za su lalace.

Saura hanyar da ta biyo. Nijeriya ta bar tuƙin hannun hagu ranar 2 ga Afirilu 1972, motoci masu sitiyarin dama suka zama ƴan bora a can, ga Madarumfa kuwa bakin iyaka take, daga Katsina sai Jibiya sai Ɗan Isa. A ganina ta nan ta shigo, kuma wata tsohuwa ta gidan ta ce ita dai ta san maigida ya zo da ita daga kudu, shekarar da aka daina fam aka koma naira, wato 1973.

Na ce wa babban magajin: "Malam, cikin gadon nan akwai rabon marayu, kada a gauraya shi da kuɗin ƙarya. Ku gaya wa alhaji gaskiya, in ya fasa ku mayar masa da abinsa." Na kuma sa ya kwafe lambar da ke bisa ɗan farantin ƙarfen cikin ɗakin inji, domin masu tara irin waɗannan motoci a Turai da ita suke gane shekara, kuma na Slough ba su da yawa, ana neman su.

Dillali ya raka ni har bakin hanya. Ya ce: "Haba Mushe, ai da ka bari an gama ciniki tukuna." Jibi za a je Maradi wajen alhaji, an ce da ni za a tafi.